Ɗinyar Turawa a Gubaira

Maigidana ne ya shigo da shi a tukunyar roba, ɗan icce bai kai gwiwata ba, ganyensa in ka murza sai wari mai kaifi ya biyo yatsunka. Wani injiniya Bature a wurin ginin da maigidan ke aiki a unguwar Sulai ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Larabawa suna ce masa kishmish aswad. Na taɓa ɗanɗana 'ya'yan irinsa daga firjin kanti, baƙaƙe ƙanana, tsami har cikin kunne. Ni na raɗa masa ɗinyar Turawa.

Lokacin mun tsufa a Riyad, ɗaki biyu a unguwar Gubaira, maganata kuma kullum ɗaya ce: mu koma Damagaram tun Inna tana da rai. Shi kuwa iƙama, takardar izinin zama, ta ƙare ya sabunta, ta ƙare ya sabunta. Ranar na sake tayar da zancen, sai ya nuna tukunyar da leɓe.

"Hajiya, ke da kike cika bakin hannunki ba ya kashe shuka. Ran da wannan ya yi 'ya'ya, wallahi mu tafi."

"Ka rantse fa, Malam."

"Na rantse."

Ni 'yar manomi ce, na ɗauka da gaske. Na kai iccen rana kamar yadda ake yi wa kowace shuka, ganyen ya ƙone cikin kwana biyu. Na dawo da shi gindin mukayyif, na'urar sanyin nan da ke zubar mana da ruwa a bango. Na roƙi kashin tumaki a kasuwar dabbobi. Da zafi ina jera masa ƙanƙara a bakin tukunya, maƙwabciyata tana dariya wai na samu jika. Shekara uku. Ganye yake yi, ya zubar, ya sake yi. Ko fure ɗaya ban gani ba.

A shekarun nan ne na shiga ajin manyan mata a gidan wata malama a unguwar Shifa, da furfurata nake haɗa baƙi. Akwai 'yar takarda maƙale a tukunyar tun zuwanta. Ran nan na zauna na kwafe sunan cikin waya, harafi bayan harafi, wayar ta karanto mini bayani. Iccen ƙasar ƙanƙara ne. Sai ya yi watanni cikin sanyi mai tsanani kafin ya yi fure, a zafi irin namu ganye kawai zai yi ta yi.

Wata biyar kenan da binne Inna. A waya aka gaya mini.

Da ya dawo aiki na ajiye tukunyar a gabansa.

"Ka sani?"

Bai ɗago ba, yana ta kwance igiyar takalmi. "Baturen ya gaya mini tun ranar."

"Uwata fa, Malam. Da uwata ka yi wasa."

"In koma in yi me, Hajiya? Gonar an sayar, sa'o'ina sun mutu. A can wa ya san ni?"

Na so in zage shi, bakina kuwa ya iya. Sai na dube shi sunkuye a kan igiyar, tsoho ne kawai mai tsoron garinsu. Ban yafe ba, na dai ɗauki tukunyar na mayar da ita wurinta.

Yanzu ni ma ba ni da wanda zan koma wa. Iccen yana nan gindin mukayyif, ya kai ƙuguna. Na daina sa masa ƙanƙara. Ruwa dai ina zuba masa, don ba shi ya yi rantsuwar ba.