Giyar da Na Je Nema Sabon Gari

Shekarun baya ne, don haka ba zan rantse a kan kowace kalma ba. Ko dubu biyu da biyar ne ko da shida, lokacin na gama jami'a, ina zaune gida a Samaru ina jiran a tura mu bautar ƙasa. Yadda abin ya zauna a kaina zan faɗa, wataƙila wani wurin na ƙara, wani wurin na rage.

A shekarar mahaifina ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, ya tashi yana tafiya, amma yatsunsa na dama ba su koma daidai ba. Babban burinsa ya koma tuƙa tsohuwar motarsa zuwa gonarsa ta Bomo da kansa. Sai dai kan giyar motar, ƙwallon nan da ake kamawa a canja giya, ya daɗe da fashewa, sai tsuran ƙarfe, kuma ƙarfen zamewa yake yi daga hannunsa. Na taɓa hango shi zaune cikin motar a ƙofar gida, yana ta fama da giya ɗaya, har ya haƙura ya fito.

Na lura in an ba shi lemo yana riƙe shi tsaf. Sai na auna lemon da zare, na ce kan giya mai wannan girman zan nemo masa. Ban gaya wa kowa ba, don ni mutum ne mai tsoron yin alkawari abu ya ƙi.

Na tafi Sabon Gari wurin masu kayan gyaran mota. Mai shagon da na shiga ɗan kudu ne, yana jin Hausa sosai, irin ta kasuwa. Ya dubi zarena, ya yi dariya.

"Malam, babu irin wannan girma. Sai dai katako. Akwai mai yin ƙafar kujera a baya, zai juya maka shi a injin sassaƙa."

Daga nan ya leƙa waje ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira daga wancan layin: "Kai! Wannan malam yana neman giya, nuna masa hanyar baya!"

Mu Hausawa mukan ɗan ja kalmar giyar mota a baki, mu datse ta giyar sha. Shi kuwa duk ɗaya ya ɗauke su, kuma gajerar ya faɗa, da ƙarfi. Hanyar bayan kuma lungu ce, shagon kafintan yana jikin wata mashaya. Abin da ban sani ba shi ne maƙwabcinmu, aminin mahaifina, yana nan kusa ya zo sayen taya.

Kafintan dattijo ne mai haƙuri. Ya ce katako mai laushi zai tsage, in nemo mai tauri. Na tuna da wata karyayyar taɓaryar ƙirya da mahaifiyata ta jingine a bayan ɗaki, washegari na ɗauko ta na kai masa. Ya yanko guntu, ya ɗaura a inji, ya ce tunda na ubana ne, ni zan riƙe ƙarfen sassaƙar, shi zai riƙe hannuna. Ni da na zo da zane har da ma'auni a takarda, sai ga ni ina ja da baya daga injin.

"Digiri, saki jikinka," in ji shi, don ya ji na gama jami'a. "Itace ba ya cizo."

Ba mu yi nisa ba aka ɗauke wuta. Haka na yi ta komawa lungun nan, ina jin sau huɗu, kafin muka gama juyawa, muka huda ƙasansa, muka cusa noti da gam, na goge da takardar samfefa, na shafe shi da man kaɗanya. Ashe maƙwabcinmu ya kai labari tun ranar farko, kuma an sake ganina ina fitowa daga lungun.

Ni ne ɗan fari. Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ma doguwar magana. Tun da ya kwanta ciwo ni nake jan mu salla a gida. Wata rana da magariba na shimfiɗa darduma, sai na tarar ya riga ya tayar da sallarsa shi kaɗai. Washegari ma haka. In na gaishe shi ya amsa, amma ba ya kallona. Na ɗauka jikin ne. Sai da mahaifiyata ta tsare ni a madafa.

"Kai, tsakaninka da Allah, me kake zuwa yi Sabon Gari?"

Na fara kame-kame, don ba na son asirina ya tonu kafin gam ya bushe. Kame-kamen nan ya sa ta fashe da kuka. Ta ce, "Ashe gaskiya ne. An ji da kunne ana cewa giya kake nema."

Sai a lokacin na gane. Na shiga ɗaki na ɗauko abin a cikin safa, na miƙa mata. Ta juya shi, ta sake juya shi, ta ce, "Wannan ba taɓaryata ba ce?" Tana hawaye tana dariya, ta tura ni wurin mahaifina.

Na durƙusa na ce, "Baba, ga giyar da na je nema." Na yi bayani, kuma na san na tsawaita. Ya sa abin a tafinsa, yatsun suka rufe a kai. Ya miƙe, muka fita, na murɗa shi a kan ƙarfen. Ya tayar da mota, ya sa ɗaya, ya sa biyu, muka zaga layinmu a hankali. A ƙofar maƙwabcinmu ya taka burki ya danna hon.

"Malam, fito ka ga giyar da yaron nan yake sha!"

Bawan Allah ya fito, ya leƙa, ya kama baki yana salati. Har yau ba na ganin laifinsa, abin da ya ji ya faɗa, kuma ga aminin da ya kamata ya faɗa wa.

Da muka juyo, mahaifina yana kallon hanya ya ce, "Da na tambaye ka." Sannan ya ƙara, "Amsar na ji tsoro."

Ya rasu shekaru bayan haka, Allah ya jiƙansa. Mutane sukan ba da labarin nan don dariya, ni ma nakan taya su. Amma abin da ya fi tsaya mini shi ne kwanakin da ya yi yana ganin ɗansa ya lalace, ga ciwo, ya kasa furtawa, ni kuma ina ɓoye masa abin alheri don tsoron kada ya ƙi yiwuwa. Halinmu ɗaya ne, kuma shi ya fi shan wahalarsa.

Ni kwana tara nake tunawa. Mahaifiyata ta ce sun fi haka, ita ce ke jin juyinsa a shimfiɗa. Ƙannena da 'yan layinmu da suka shaida, in kun ga inda na kauce, don Allah ku rubuto ku gyara mini, musamman yawan kwanakin. Ina so in san iya abin da na sa shi ya ɗauka.