Hirar da Ba a Yi da Gregory Ba

In ka tsallaka titi daga ƙofar jami'a a Samaru, ka wuce masu gasa masara da rumfar mai gyaran agogo, akwai wani ɗan shago mai shuɗiyar ƙofa. A nan Mama Keziya take buga wa ɗalibai kundin kammala karatu. Kowace safiya takan hau bas daga Sabon Gari, ta bi ta Kwangila, rungume da jakar da tabarau ne kawai a ciki sai ƙullin dafaffiyar gyaɗa. Da tafireta ta fara, tun tana budurwa. Da kwamfuta ta shigo gari ta koye ta tana dab da shekara sittin, amma ba ta rabu da tsohuwar ba. Tana nan a kusurwa lulluɓe da zane; ana ɗauke wuta sai ta yaye mata lulluɓi, ka ji ƙara kamar ruwan farko a kan rufin kwano.

Ba ta yi jami'a ba, amma jami'a ta ratsa ta cikin yatsunta. Ta buga cututtukan shanu, ta buga takin dawa, ta buga tarihin garuruwan da ba ta taɓa takawa ba. Tana da wata ɗabi'a da ɗalibai suka san ta da ita: in an kawo mata aiki, daga baya take fara dubawa, wajen jerin littattafan da aka karanta da mutanen da aka yi hira da su. Takan ce a nan take gane ɗalibin da ƙafarsa ta sha tafiya da wanda ya zauna a ɗaki.

Wata Talata cikin daminar 2005 Naila ta kawo nata. Yarinya ce 'yar cikin birnin Zariya, mai yawan fara'a, wadda ba ta zuwa shagon hannu sake. Ranar ma alkaki ta ajiye a kan tebur. Kundinta a kan waƙoƙin aiki ne na ma'aikatan reluwe na da, kuma ranar Juma'a za a rufe karɓa. Wanda bai miƙa ba sai baɗi.

Mama Keziya ta sa tabarau, ta juya shafin ƙarshe yadda ta saba. Suna na uku a jerin ya tsayar da ita. An rubuta: Gregory Shekari, direban jirgin ƙasa mai ritaya, ɗan shekara sittin da biyu, hira a gidansa da ke Sabon Gari, 12 ga Maris, 2005.

Ta daɗe tana kallon layin. Sannan ta tambayi Naila, cikin sanyin murya, yadda ta sami tsohon ranar da ta je. Naila ta ce lafiya lau, dattijo mai kirki, har ruwa aka kawo mata.

"Madalla," in ji Mama Keziya. "Ni kuwa shekara huɗu ke nan rabona da shi, 'yata. Mijina ne. Da idona na ga an sa shi a ƙasa."

Oby, mai fotokwafi a shagon da ke manne da nata, haifaffiyar Sabon Gari wadda ba abin da ke wuce kunnenta, ta leƙo ta ce ashe Baba Gregory yana karɓar baƙi har yanzu, su ne kawai ba ya nema. Ba wanda ya yi dariya. Naila ta zauna a kan benci, ta rufe fuska da mayafi. Da ta iya magana sai ta faɗi gaskiya: a wani kundi na 2002 ta ga hirar, shi ma da alama daga wani ya ɗauko, sai ta sauya kwanan wata kamar yadda ta ga abokanta suna yi. Ta je unguwar reluwe sau biyu ba ta sami wanda ya tuna waƙoƙin ba, lokaci kuma ya ƙure. Ta roƙi Mama kada maganar ta kai ga malaminta.

Mama Keziya ba ta da niyyar kai ƙarar kowa. Tunaninta ya riga ya koma 1994, ranar da wani siririn ɗalibi mai suna Umar Farouk ya yi sallama a ƙofarsu da rakoda. Shi kaɗai ya taɓa zuwa. A ranar ne Gregory yake da shekara sittin da biyu, ga shi ɗalibai sun hana shi tsufa, sun hana shi mutuwa, har sun ƙara masa girma. Bai taɓa tuƙa jirgi ba. Heluma ne, wato shugaban masu gyaran layin dogo, shi ke ba da waƙa, sauran su amsa su ɗaga ƙarfe tare. Da yana raye da ya ji daɗin zama direba, don mutum ne mai son a kambama shi kaɗan. Ta buɗe babin waƙoƙin, ta tarar da wadda ya fi so an yanke mata wutsiya. Baiti shida ne, uku suka rage.

Ta haɗa takardun ta miƙa wa Naila, ta ce ita dai ba za ta buga wannan layin ba. Ga masu buga takarda nan birjik har bakin kasuwa, ba wanda zai tambaye ta komai. Naila ta karɓa, ta miƙe, ta kai bakin ƙofa, ta tsaya. Ba ta fita ba.

Sai Mama Keziya ta cire tabarau ta ce, "Ranar da Umar Farouk, ɗalibin da ya yi ainihin hirar nan a 1994, ya zo, wa kike tsammani ke tuna wa Gregory baitocin? Ina bakin murhu, kowane minti biyu sai ya ce, 'Keziya, me ke biye?' Shekara talatin da tara ina jin su, yana aski yana yi, yana goge fitila yana yi. Gobe in mun tashi daga zumuntar mata a coci, ki zo gida. Ki zo da rakoda da batir mai kyau."

Naila ta zo, da aron rakoda. Kafin nan ta shafe safiya a ɗakin karatu har ta tono kundin Umar Farouk, mai jan bango, asu ya ɗan taɓa gefensa. Suka zauna a gindin gwandar da Gregory ya shuka. Da farko muryar Mama Keziya ta ƙi fita, don a coci ma a baya take tsayawa in ana waƙa. Can sai ta buga tafi a gwiwa, ta ɗauko:

"Ɗaga, ɗan'uwa, rana ta yi,
Kafanchan na jira, tuwo ya yi sanyi."

Ta kawo baitocin nan shida, ta ƙara da waƙoƙi huɗu da ba a taɓa rubutawa ba. Ta faɗi wadda ake yi in ana aza katako, da wadda ake yi wa Bature in ya juya baya. Kaset ya cika, aka juya shi. Maƙwabciyarta da ke shanya ta tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu tana saurare.

Ranar Alhamis wuta ta ƙi zuwa, don haka tsohuwar tafireta ce ta yi aikin. Gregory ya koma inda ya dace, a ƙarƙashin sunan Umar Farouk da shekarar 1994, ya koma heluma. Da aka zo jerin waɗanda aka yi hira da su, Naila tana karantowa Mama Keziya tana bugawa, sai aka iso wani suna, yatsun suka tsaya. Shekara arba'in tana buga sunayen mutane, ba ta taɓa buga wannan a cikin kundi ba.

Oby ta leƙo ta ce Mama ta rage wa kanta shekara goma mana, tunda an yi wa Baba ragi, ita ma a yi mata.

Mama Keziya ta harare ta ta saman tabarau. Sannan ta buga a hankali, harafi bayan harafi: Keziya Shekari, mai buga takarda, shekara sittin da uku, Sabon Gari, 22 ga Yuni, 2005. Ta zare takardar, ta miƙa wa Naila, ta ce ta duba ko akwai kuskure.