Ranar da Na Faɗi da Sunan Wani

Ko zan manta da komai na zamana a Riyad, ba zan manta da ranar da mota ta kaɗe ni da abincin mutane a bayana ba. Ƙafar ma ba za ta bari in manta ba.

Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, ta ce ni leburan gini ne a Dir'iyya. Da aikin ya tsaya, kafilina, wato wanda ya ɗauko ni aiki nake zaune a ƙarƙashin sunansa, ya ce in je in nemi na kaina. Sai abokin ɗakina a unguwar Batha, wani Bakatsine sarkin barci, ya ara min wayarsa da rajistarsa ta manhajar kai abinci. Kullum da safe manhajar za ta nemi ganin fuskarsa, ya ɗago kai daga filo ya yi mata murmushi, ya miƙo min wayar ya koma barcinsa. Ni kuwa in hau babur ɗin haya. Wata bakwai ina ganin na fi kowa dabara, na manta kayan aro ba ya rufe katara.

Bayan la'asar abin ya faru. A asibiti suka ɗaure ƙafar, likita ya ce sai an sa ƙarfe, in ba haka ba za ta haɗe a karkace. Mai cike takarda ya tambaye ni, "Wa kake yi wa aiki?"

Na kira kafil. Ya ce, "Ya sadik, inshorata ta wanda ya faɗo daga gini ce. Ni na aike ka da shinkafar kabsa?" Masu babur suka ce haya na ɗauka, ba albashinsu nake ci ba. Masu manhaja kuwa suka ce su ba su da ma'aikata, sai abokan hulɗa, amma in abokin hulɗa ya yi haɗari akwai tallafi. Har na fara hamdala. Sai matar da ke wayar ta karanto sunan da ke rajista, ta ce mai shi ya turo hotonsa a gadon asibiti.

Mai sunan yana zaune a gefena, ƙafafunsa biyu lafiya lau, yana ɓare min lemo. Muka kalli juna.

Ya ce, "Ɗan'uwa, in na ce kai ne, mu biyu za a tasa ƙeyarmu gida. In na ce ni ne, ina karayar?"

Ban ga laifinsa ba, har yau kuma ban san laifin wa zan gani ba. Kwana uku ina kwance ina juya maganar, kaina ya ɗaure, tsoro ya cika ni. A na huɗu aka sallame ni ba ƙarfe, tun da ba mai biya. Wani dattijo mai ɗori ya zo ɗakinmu ya yi abin da zai iya.

Yanzu ɗingishi nake yi, babur kuwa sai kallo. Abin da na koya shi ne, kafin ka kama aiki, ka san wanda zai ce "nawa ne" in ka faɗi. Ni ban tambaya ba. A takardunsu ba wanda ya faɗi ranar, abinci ne kawai bai isa ba.