Gaisuwar Alhamis da Na Yi Ranar Laraba

Ni dai tun ina amarya ba a taɓa cewa na wuce ƙofar gidan mutum ban tsaya ba. Ku tambayi duk Ɗanzomo. In na fito zan je tasha, sai na ji yadda kowa ya kwana, da ciwon ƙafar wane, da akuyar wance da ta haihu. Illar abin guda ce: kafin in isa, motar Maigatari ta tashi. Direbobin har sun saba, in sun hango ni sai su ɗaga mini hannu su ƙara wuta.

Da can ban damu ba, kasuwa ai kowace Alhamis tana ci. Sai ga saƙo daga aminiyata. Tare muka yi tallan fura muna 'yan mata, aure ya kai ta tsallaken iyaka wajen Damagaram, kuma a rumfar masu kanwa ta kasuwar Maigatari muke haɗuwa in Allah ya yi. Ta ce ɗanta zai ɗauke ta ta koma Agadas da zama. Alhamis mai zuwa ce zuwanta na ƙarshe, motarsu kuma da azahar take juyawa. A shekarunmu, wadda ta tafi Agadas sai dai a ji labarinta.

Lokacin jikata ta zo hutu daga Kano. Aikinta koya wa ma'aikatan ofis da 'yan kasuwa yadda za su tsara lokacinsu, wai koci ake ce mata, kamar mai kula da 'yan ƙwallo. Na zayyana mata damuwata, ta saurara tana gyaɗa kai.

"Tsohuwa," in ji ta, "ƙafarki lafiya lau take. Bakinki ne ke makarar da ke."

"Bakin nan shi ya nemo wa ubanki auren uwarki, ja'ira."

Ta ce sai mun yi gwaji. Ta zauna bakin rumbu a matsayin maƙwabciya, ni kuma in zo in wuce da sannu kawai. Na taho tiƙis-tiƙis, na ce sannu, har na gota ta. Sai 'yar banza ta yi tari. To ni in ji mutum na tari in wuce? Na dawo na tambaye ta tun yaushe, ko ta sha citta da zuma. Ta faɗi ƙasa tana dariya.

Da ta ga ba zan gyaru ba, sai ta ce, "To abin da zai tare ki gobe, yi shi yau." Wannan magana ta shige ni. Ranar Laraba na yafa mayafi na bi gida gida. Ko'ina na shiga sai in ce, "Gaisuwar gobe na kawo, don gobe Maigatari za ni, in kun ga na wuce kada ku ce na yi girman kai." Sai la'asar sakaliya na dawo, muryata ta dushe, raina fes.

Da safe ina ɗaura ɗankwali sai sallama. Ashe duk wanda na gaisar ya ga ya zama dole ya rama. Kafin in ankara tsakar gida ta cika. Wannan in sayo mata kanwa, waccan in duba mata 'yarta da ke aure bayan kara, wato kasuwar shanu, matar liman kuma ta baje a tabarmata ta soma labarin haƙorinta tun daga farko. Rana tana ta hawa.

Jikar ta ja ni ɗaki. "Saura darasi guda, ƙawata. Ba kowane aiki ne sai ke ba. Naɗa wakili."

"Na naɗa ki," na ce.

Ta buɗe baki za ta yi gardama, na tura ta waje. Ina jin ta tana "lafiya lau, lafiya lau", ni kuwa na zagaya bayan ɗaki, na tattare zani, na bi ta ɓular dangar da awaki ke fita. Ni, da girmana da furfurata! Ƙaya ta kama mayafin, na bar mata shi.

Direba ya gan ni sai da ya sauko ya leƙa fuskata. "Iya, ke ce? Ko mota ba ta cika ba!" Gidan gaba ya ba ni.

Da hantsi na isa rumfar masu kanwa. Aminiyata na zaune kan buhu, ta rame, idon ya yi hazo, amma ta gane takuna. Ta dafe ƙirji.

"Ke ce da wannan safiya? Wa ya rasu?"

"Ba kowa. Koci na yi."

Na zauna kusa da ita na riƙe hannunta. Muka fara daga kwana, muka bi 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, na raye da waɗanda suka riga mu, har awakinta da ban taɓa gani ba. Aka kira azahar, yaron motarsu yana ta buga ƙofa, ita kuwa ta ce ya jira, ba ta tambaye ni ƙafata ba tukuna.