Gurbin Malam Dahiru a Injin Shinkafa

Ban taɓa mantawa da ranar da na je duba wani injin casar shinkafa a Illela ba. A lokacin ina mataki na tara, jami'in sa ido a shirin jiha na koyar da sana'a da samar da aiki.

Ga waɗanda ba su san shirin ba, gwamnati kan horar da matasa wata shida, sannan duk ɗan kasuwar da ya ɗauke su aiki, ita za ta riƙa biyan rabin albashinsu har shekara guda. Nawa aikin shi ne in je in gan su da idona, in tabbatar suna bakin aiki, in sa hannu. Sai da sa hannuna ake sakin tallafin.

Ranar wata Talata ce, a watannin da aka rufe kan iyakarmu da Nijar. Garin ya yi sanyi, 'yan canji na zaune kan benci ba mai tambayar sefa. Mai injin, Alhaji Ummaru, ya tarbe ni hannu bibbiyu. Matasa uku da muka tura masa duk suna nan, injin na aiki, katin kowa ya yi daidai da fuskarsa. Na sa hannu cikin jin daɗi, don a wurare da yawa suna kawai nake tararwa, babu mutum.

Ina fitowa wani dattijo ya taso daga gindin dogon yaro ya yi mini sallama. Ya haura hamsin, yatsunsa biyu na dama guntaye ne.

"Yallaɓai, kai ne na gwamnati? Sunana Dahiru. Shekara goma sha bakwai ina tada wanga inji."

Na ce, "To Malam, me ya fito da kai waje?"

"Da anka kawo yaranku, Alhaji ya ce in koya musu halin injin. Na koya musu sati ukku. Ranar da sunka iya, sai anka sallame mu, mu ukku. Ba ni jin haushin yaran, ɗiyan mutane ne. So nike in ji, mu mi gwamnati ta tanadar muna?"

Na buɗe fayil ɗina kamar amsar na ciki. Na san babu.

Na koma wurin Alhaji Ummaru da maganar. Bai musa ba, bai kuma ɗaga murya ba. Ya ce, "Rabin masu sayen shinkafata daga Konni suke zuwa, kuma ga iyaka rufe. Ba ni iya riƙe mutum shidda. Ku kunka ce ga ukku da rabin albashi. In kai ne, mi za ka yi?"

Na ce ai an yi shirin ne don a ƙara ma'aikata, ba don a musanya su ba. Ya ce in nuna masa inda aka rubuta haka. Na duba takardar yarjejeniyar shafi bayan shafi a gabansa. Ba a rubuta ba.

Da na koma Sakkwato na rubuta rahoto, na nemi a dakatar da tallafin har sai an mayar da mutanen. Daraktarmu ta karanta, ta ajiye tabarau.

"Malam Sani, ya karya wata ƙa'ida?"

"A'a, ranki ya daɗe."

"In muka dakatar, zai kori namu uku, kuma ba zai dawo da nasa ba. Ka ga an rasa shida. Ka sa wannan cikin shawarwarin ƙarshen shekara."

Ba muguwa ba ce, kuma ban iya ƙaryata ta ba. A rahoton zangon nan an rubuta cewa an samar da guraben aiki uku a wannan inji.

Bayan wata huɗu na sake zuwa Illela, na tambayi Malam Dahiru. Aka ce ya ari babur yana ƙetare iyaka da buhuna ta hanyar daji, aikin da samari ma ke tsoro. Yashi ya kwashe shi wajen ƙauyen Araba, kaya suka danne masa ƙugu. Na same shi kwance a zaure, ba ya iya tashi. Bai yi mini ƙorafi ba. Abin da ya tambaya shi ne ko yaran na tunawa su ɗaure bel ɗin injin kafin su tada shi, don yana cin hannu.

Shekara na cika, tallafi ya ƙare, Alhaji ya sallami biyu daga cikin matasan, ya nemi sababbi. Wannan karon na ƙi sa hannu, aka ba wani jami'in ya sa. Daga baya an ƙara sharaɗin hana irin wannan musanya, amma Malam Dahiru bai sake tsayawa da ƙafarsa ba.

Ku da kuke shigowa aikin nan, takardarmu tana ƙirga wanda ya shiga ta ƙofa ne kawai. Wanda ya fita, sai in kai ka neme shi. Kafin ka sa hannu, ka tambayi wa ke tsaye a wurin jiya, kuma ina yake yau. Ni ban tambaya ba sai da na riga na sa.