Igiyar Jan San Baba

A Karar Wudil, kasuwar shanun nan ta ranar Juma'a, ana sayar da dabba amma ba a sayar da igiyarta. Da mai sa ya ce ya sallama, zai kwance abarsa ya cusa a aljihu, don a ganinmu albarkar kiwo a jikinta take, in ka bayar turkenka ya mutu. Sai a bar mai saye tsaye da sa, ba abin ja. A wannan ɗan tsakanin na samu sana'a, daminar da na gama sakandare.

Jami'ar garin ta ba ni gurbi, amma gurbi ba ya jiran kowa: ka biya kuɗin rajista kafin a rufe, ko a ba wani. Sai na dinga warware tsofaffin buhunan taki a gidanmu na Utai ina tufka igiya, ran Juma'a in rataya su a wuya in nufi Kara.

Zama ya gagare ni a watannin nan. Ina tufka ina leƙa waya, in tashi, in zauna, in sake tashi. Innata har cewa take, "Wai kai kuɗin cizo ne a tabarmar?" A kasuwa kuwa ba kalmar da na tsana irin "albarka", don duk wanda ya faɗe ta ya ƙi tayi ke nan, ni ma cinikina ya tashi. Ina ratsa caɓi da kashin shanu, dillalai na yi min kirari da injiniyan igiya. Ina dariya, amma wallahi haushi nake ji.

Abin da na tara bai kama hanya ba. Ban gaya wa Baba ba, shi ma bai tambaya ba. Mu haka muke.

Juma'ar ƙarshe kafin a rufe, na ji an ƙwala kira daga wajen da ake lodin tirela: "Mai igiya!" Na sheƙa da gudu kada wani ya riga ni. Ƙahon na fara ganewa, wanda ya karkace ta hagu. Jan sanmu ne, ɗaya daga cikin biyun da ke ja mana garma da amalanke. Baba na gefe, ya riga ya kwance igiyar.

Na ce, "Baba, ga kaka ta zo. Wa zai ja amalanke da ɗan'uwansa?"

Bai ko dube ni ba. "Kai, ana jiran ka. Ba bawan Allah igiya."

Alhajin da ya saya bai san ni ɗansa ba ne, har da neman ragi. Baba ya ce, "Haba Alhaji, kar ka rage wa yaro. Dubi tufkar mana." Ni na ɗaura wa sanmu igiyar da aka ja shi da ita, yana lasar hannuna kamar yadda ya saba in na kawo masa dusa. 

Da tirela ta tashi, Baba ya miƙo min kuɗin san a ƙunshe, sannan ya ɗora tsohuwar igiyar a kai. Ya ce, "Wannan ma riƙe. Ni na gama ɗaure-ɗaure, saura kai."

Na yi rajista, na gama, yanzu ina koyarwa a wata makarantar kuɗi. Igiyar na rataye a ƙusa bayan ƙofata. Duk Juma'a sai ƙafata ta kai ni Kara, in yi tayin wani sa, a ce min albarka, in dawo. Baba bai taɓa yi min zancen ba. Amma ranar da ƙanena ya ɗauko gatari zai tuge turken jan san ya yi makamashi, Baba cewa ya yi ya bar shi, da mai shi.