Gurbin da Malam Inuwa Ya Bari

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi zamanin soja ya san ƙarar tafiretar Malam Inuwa tun kafin ya san fuskarsa. Shekara ashirin da biyu ya yi a rumfa ɗaya yana buga wa mutane takardun neman aiki, da na cinikin fili, da ƙorafe-ƙorafe. Siririn mutum ne mai son ƙa'ida har abin ya yi yawa. Matarsa Huraira kan ce ko tuwo zai ci sai ya kafa wa loma doka. Babbar ƙa'idarsa a sana'a ita ce mai tafireta hannu gare shi, ba shi da ido. Ka kawo rubutunka ya buga, ya gyara maka Turancin, ba ruwansa da tambaya. In ka ce a bar gurbin suna za ka cike da biro a gida, sai ya jera maka ɗigo-ɗigo a wurin, ya miƙo maka kansa a sunkuye. Rufin asiri yake kiran wannan, kuma yana alfahari da shi.

Bayan la'asar sai ya ture injin gefe ya shimfiɗa kwali a kan tebur. A jikin kwalin ya zana wani gari da babu shi a duniya, da kasuwarsa da ganuwarsa da rijiyoyinsa. Abokan wasansa uku ne: Ɗahiru tela, da Isyaku tsohon masinjan gwamnati, da Callistus mai kemis, haifaffen Kano da Hausarsa ta fi ta wasunmu. Kowa da matsayinsa a garin, wannan falke, wancan mafarauci. Malam Inuwa ya ba da labari, su faɗi abin da za su yi, a jefa dayis ɗin ludo ya raba gardama. 'Yan unguwa suna yi musu dariya, gemai-gemai da su suna wasan yara. To amma a lokacin da kalma ɗaya a majalisa kan cinye mutum, hirar garin da babu shi ta fi kowace hira lafiya.

A da su biyar ne. Na biyar ɗin shi ne Misbahu, ƙanen Malam Inuwa, malamin makaranta a Tarauni, mai baki a ƙungiyar malamai. Wata Talata a 1995 wasu mutum uku suka zo a farar Fijo marar lamba, suka ce ya zo ya amsa tambaya ɗaya. Bai dawo ba. Kujerarsa tana nan a gefen tebur, ba mai hawanta, ba kuma mai ɗauke ta.

Da soja suka koma bariki a 1999, bakuna suka fara buɗewa. Wani tsohon akawu da ya bar aiki a ofishin da ba a faɗin sunansa da ƙarfi ya zo rumfar, ya ajiye ambulan ya tafi ko zama bai yi ba. A ciki akwai kwafin wasiƙar da ta jawo wa Misbahu Fijo. Bugun tafireta ce, babu sa hannu, tana cewa wani malami yana zuga 'yan uwansa su yi wa gwamnati bore. Sunan Misbahu kaɗai aka rubuta da biro.

Mako uku Malam Inuwa yana kallon sunan nan, ba ya ganin komai a takardar sai shi. Zato ya shige shi ya hana shi cin abinci. Isyaku ya yi aikin gwamnati. Ɗahiru sun taɓa sa-in-sa da Misbahu. Bai iya tambayarsu baki da baki ba, sai ya yi abin da ya iya: ya ƙara wa wasan dokokin bincike.

Ranar Asabar ya raba musu katunan sababbin dokokin da ya buga. Daga yau, in ji shi, za a riƙa ɓoye alamu a ambulan, kuma sai an duba abu kafin a tuhumi mutum. Kowane mai bincike zai rubuta sunan wanda ya ɓata da na wanda yake zargi da hannunsa. Nan tarkon yake, rubutunsu yake so ya gani. Wanda alama ta nuna kuwa dole ya amsa tambaya uku.

"Har da kai mai ba da labari?" in ji Ɗahiru cikin zolaya.

"Har da ni. Doka ba ta san gemu ba."

Ya fara labari: a garin kwali wani malami ya ɓata. Isyaku ya tambayi sunansa.

"Misbahu," in ji Malam Inuwa.

Isyaku ya dubi kujerar nan ya kawar da kai. Aka jefa dayis, ya ba Callistus, shi ya buɗe ambulan, sai ga wasiƙar nan a ciki. Yana ganin takardar ya san ba ta wasa ba ce. Ya gyara tabarau, irin yadda yake yi in an kawo masa takardar likita, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ɗauki katin dokoki ya ajiye kusa da ita.

"Malam, kai ka ce a duba abu kafin mutum, ko?"

"Ni na ce."

"To duba nan. Wannan harafin yana ɗagowa sama da layi, ko'ina ya fito. Ga shi a wasiƙar, ga shi a katinka. Shekara nawa muna ce maka ka kai injin nan gyara?"

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Malam Inuwa ya jawo takardar, a karon farko ya karanta abin da ke kewaye da sunan. Ya ga ɗigo-ɗigon da ke ƙarƙashin biron, guda goma sha biyu cif, yadda yake jera su. Ya ga wata jimla a tsakiya da ya tabbata tasa ce, domin shi ya saba ƙara ta in ya ga ƙorafi ya yi sanyi. Tsoro ya kama shi irin wanda bai ji ba ko ranar Fijo. Ya yi ta laluben fuskar wanda ya kawo masa ita ya buga a cikin ƙwaƙwalwarsa, babu. Ai bai ɗaga kai ba.

Ladan ya fara kiran magariba, ba wanda ya tashi.

"Tambaya uku ce," in ji Malam Inuwa. "Doka ce. Yi."

Callistus ya cire tabarau. "Ɗaya ta isa, Malam. Irin wannan mai gurbi, guda nawa ka buga a shekarun nan?"

Malam Inuwa ya tuna layin da kan taru a rumfarsa da safe, da yawan ranakun da ya jera ɗigo ya miƙa. Kowane gurbi an je gida an cike shi da sunan ƙanen wani.

"Ban sani ba," ya ce. "Wallahi ban ƙirga ba."